Jinjina ga kociyoyin da ke tsayar da yara kan ƙafa ɗaya

Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanayen da nake nufi ba a ganinsu a talabijin. Kociyoyin unguwa ne da malaman wasanni na makarantu, waɗanda suka daina jefa wa yara ƙwallo da zuwansu fili, suka ware mintunan farko na atisaye don koya wa jiki tsayuwa. Sai ka ga an jera yara, kowa a kan ƙafa ɗaya, wasu a kan yashi, wasu a kan guntun katifar soso, masu hali kuma a kan faifan katakon nan mai rawa. Iyaye kan yi ƙorafi cewa ƙwallo suka turo yaro ya koya. Yaran su ma ƙosawa suke yi, hankalinsu yana kan raba tim. Kocin da ya jure wannan surutu ya ci gaba ya san abin da yake yi, kuma ya cancanci a sara masa.

Matsa kusa da yaro ɗan shekara goma sha uku da aka ɗora a kan soso ba takalmi, ka dubi ƙafarsa. Yatsun suna damƙar soson suna saki, idon sawu yana karkarwa, gwiwa tana neman faɗawa ciki, hannuwa sun buɗe suna laluben iska. Koci ya ce masa, "Rufe idonka." Nan take ya dire ɗaya ƙafar. Dalili shi ne abubuwa uku ke riƙe mutum a tsaye: gani, da ma'aunin da ke can cikin kunne, da saƙon da tsokoki da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa game da inda kowace gaɓa take. Da aka ɗauke ganin, aka kuma hana tafin ƙafa ƙasa mai tauri, nauyin ya koma kan saƙon gaɓoɓi, shi kuwa bai horu ba. Bayan makonni ana maimaitawa, karkarwar takan ragu, domin tsokokin da ke gefen ƙwauri sun koyi amsawa da wuri. A cikin wasa, lokacin da yaro ya sauko daga tsalle ya taka ƙafar wani, wannan saurin amsawar na iya zama abin da zai raba shi da targaɗe. Shekarun nan kuma su ne yaro ke miƙewa, ƙashi ya riga tsoka tsawo, har wanda bara yake da saiti ya koma yawan tuntuɓe.

Dabarar daga asibiti ta fito. A 1965 wani likitan ƙashi a Ingila, Michael Freeman, ya yi bayanin cewa targaɗe yana lalata wannan saƙo na gaɓa, shi ya sa ƙafar da ta taɓa gurɗewa take sake gurɗewa, ya kuma sa majiyyata atisaye a kan faifai mai rawa. Daga baya masu wasanni suka ɗauka. A jihar Wisconsin ta Amurka an gwada shi a kan 'yan sakandare 765 masu ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando, sakamakon da aka fitar a 2006 ya nuna targaɗen idon sawu ya ragu da kashi 38 cikin 100. A shekarar ce kuma cibiyar binciken lafiya ta FIFA, tare da masana daga Oslo da Santa Monica, suka haɗa tsarin ɗumama jiki da ake kira 11+, na minti 20, wanda ya ƙunshi gudu, da ƙarfafa ciki da cinya, da tsalle, da tsayuwa kan ƙafa ɗaya. Da aka gwada shi a Norway a kan 'yan mata 1,892 masu shekara 13 zuwa 17, raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Wanda ya fi burge ni shi ne na gida. Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa sun kai tsarin gasar matasa ta Legas, ƙungiyoyi 20, yara maza 416 masu shekara 14 zuwa 19, suka buga sakamakon a 2014: raunuka gaba ɗaya sun ragu da kashi 41 cikin 100, na ƙafa kuwa da kashi 48. Babu wanda zai ƙara cewa abin na Turawa ne masu ciyawa kore da injina. Yaranmu ne, a filayenmu, kuma tsarin ba ya neman komai sai ƙwallo da 'yan alamomi a ƙasa. Su ma waɗannan masana jinjinar ta haɗa da su. Ƙasar da ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar ba ta rasa yara masu baiwa ba, sai dai nawa ne daga cikinsu gwiwa ko idon sawu ya zaunar tun kafin a san sunansu?

Mu a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne a wannan fage. Yaron da ya tashi yana langa a dandali, riƙe da ƙafa ɗaya yana tsalle ana bangazarsa yana ramawa, ya yi horon da ake sayen kaya masu tsada dominsa a wasu wurare. A cikin 11+ ma akwai matakin da yara biyu ke tsayawa kan ƙafa ɗaya kowa yana ƙoƙarin ture ɗan'uwansa. 'Yan kokawa daga Sakkwato har Tawa a kan rairayi suke girma, shi ya sa kafa ƙafarsu take da wuyar tumɓukewa. Kocin da ya dawo da langa cikin atisaye ya yi dabara, domin yara za su yi ta da dariya ba tare da an tilasta su ba.

To amma da sauran rina a kaba. Yanzu waya ta cika da bidiyon manyan 'yan wasa suna tsaye a kan ƙatuwar ƙwallon roba ko a kan rabinta da ake kira BOSU, da ƙarfe a kafaɗa. Wasu kociyoyin sun ɗauka cewa duk abin da ya fi wuyar yi shi ya fi amfani, har suna ɗora yaro a kan tsohuwar taya su miƙa masa gwangwanin siminti. Wannan kuskure ne, kuma an auna shi. David Behm na wata jami'a a Newfoundland ta Kanada, tare da Kenneth Anderson, sun nuna a 2004 cewa ƙarfin da mutum ke iya turawa da ƙirji yana raguwa da kusan kashi 60 cikin 100 idan yana kwance a kan ƙwallon roba maimakon benci. Jiki yana kashe ƙoƙarinsa wajen hana faɗuwa, tsokar da ake son ginawa ba ta samun nauyin da zai gina ta. A 2007 an raba 'yan ƙwallon wata jami'a a Amurka gida biyu na mako goma, waɗanda suka yi atisayen ƙafa a kan ƙasa mai tauri suka fi waɗanda aka sa wa matashin iska a ƙarƙashin ƙafa samun ci gaba a gudu da tsalle. Mai tsere da ƙasa yake dogara ya tunkuɗa kansa gaba, don haka ƙarfin cinya da ɗuwawu a kan ƙasa tsayayya ake gina shi. Faifai da soso aikinsu daban ne, na gyaran tsayuwa da tsare gaɓa, kuma minti biyar zuwa goma sun ishe su.

Saboda haka nauyin da ke kan kocin da ya fara wannan aiki shi ne ya ƙarasa shi da horon ƙarfi na gaskiya. Tsuguno da miƙewa, dogon taku ana durƙusawa, dogara da gwiwar hannu jiki a miƙe, da wanda na fi so a cikin 11+: yaro ya durƙusa, abokinsa ya danne masa dugadugai, shi kuma ya riƙa sulalewa gaba a hankali, baya a miƙe, yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya har sai ta gaza ya tare ƙasa da tafin hannu. Washegari zai zo yana ɗingishi yana cewa, "Koci, cinyata kamar an doke ni." A rage masa adadi, kada a daina. Maganar da ake yawan yi cewa ɗaga nauyi yana hana yaro tsawo ba ta da tushe, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta amince da horon ƙarfi ga yara matuƙar akwai mai lura kuma nauyin bai wuce kima ba. Abin tsoro shi ne a bar yara su kaɗai da ƙarfe suna gasar wa ya fi. Idon koci ya tsaya a kan gwiwa: duk lokacin da yaro ya tsuguna ko ya dire daga tsalle, gwiwar ta kasance saitin yatsun ƙafa, kada ta karkata ciki. Langa ba ta koyar da wannan, sai an tsaya an gyara.

Akwai kuma yaron da ya riga ya yi targaɗe. An kai shi wurin maɗori ko asibiti, kumburi ya saɓe, bayan kwana kaɗan ya dawo yana cewa ƙafa ta warke, koci kuma yana buƙatarsa a wasan Asabar. A nan ne faifan nan ya fi amfani, a nan kuma aka fi mantawa da shi. A Holan an bi 'yan wasa 522 da suka yi targaɗen idon sawu, aka ba rabinsu atisayen tsayuwa na mako takwas a gida, sake gurɗewa ta ragu da kashi 35 cikin 100 a tsakaninsu. Ya kamata kowane koci ya kafa doka: wanda bai iya tsayawa da tsalle a kan ƙafar da ta ji ciwo kamar yadda yake yi da mai lafiyar ba, bai shiga wasa. In ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko yaro bai iya taka ƙafar, a kai shi a ɗauki hoto, masu gashin ƙashi su duba shi.

'Yan mata su ne aka fi bari a baya, alhali tsinkewar babbar jijiyar cikin gwiwa ta fi samunsu fiye da maza, ninki biyu ko sama da haka a wasanni irin ƙwallon ƙafa da na kwando, kuma aikin tiyatarta ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Malamar wasanni a makarantar 'yan mata ba ta buƙatar fili babba ko kuɗi, tsakar makaranta da tabarma sun wadatar. Ƙananan yara ma an yi musu nasu tsarin, na 'yan shekara 7 zuwa 13, wanda gwajinsa a ƙasashe huɗu na Turai ya rage raunuka kusan da rabi.

Amfanin duk wannan yana tafiya ne da naci, aƙalla sau biyu a mako, har ƙarshen kakar wasa, ko da damina ta ɓata fili ko gasa ta matso. Hukumomin ƙwallo na jihohi da ma'aikatun ilimi su saka shi cikin kwas ɗin kociyoyi, a kuma fassara takardar atisayen zuwa Hausa da hotuna. Kafin su motsa, koci ya sayi littafi mai ganye arba'in ya riƙa rubuta sunan duk yaron da ya ji ciwo, da gaɓar, da kwanakin da ya yi bai buga ba, domin idan shekara ta zagayo ya sami abin nuna wa iyayen da suka yi ƙorafi.