Kowace Ƙofa Da Tarihinta

Kowace damina iska takan yaye rufin waɗansu makarantu a ƙasar Babura, da Kazaure, da Roni, da Gwiwa. In an zo gyara sai a tambayi babban malami, wane irin kwano ne, wace shekara aka buga shi, wa ya yi aikin? Sau da yawa ba mai amsawa, gama wanda ya sani an yi masa canji, takardu kuwa gara ta cinye. Kafin a gama bincike yara sun yi watanni a gindin itace.

To, yanzu masu zanen gine-gine suna da wata dabara da ake kira BIM, watau a tayar da gini cikin kwamfuta tun ba a aza tubali ba. A cikin manhaja irin su Revit da Archicad, ƙofa da taga da katakon rufi kowanne yana da gurbin da za a rubuta bayaninsa. Gwamnatin Ingila ta wajabta wa masu yi mata gini bin wannan hanya tun 2016.

Mu a ganinmu amfanin abin yana ga bayanin nan, ba ga kyan zane ba. Kada a bar gurbi fayau, kada kuma a cika shi da tarkace. Ma'auni guda ne: in abu ya lalace bayan shekara goma, me mai gyara zai so ya sani? Kwano, a rubuta kaurinsa da kamfanin da ya yi shi. Katako, a faɗi ranar da aka shafa masa maganin gara. Ƙofa, girmanta da kuɗinta.

Wani zai ce ina wuta, ina kwamfuta a ƙauye? Ai manhajar tana fitar da bayanin jeri-jeri a takarda. A ba babban malami ɗaya, a ajiye ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma, in an yi gyara akawu ya ƙara. Akawunan En'e na dā da alƙalami kaɗai suka riƙe littafin kaya.

Saboda haka muna roƙon Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, da Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, su horar da samarinmu wannan aiki. Hukuma kuma kada ta biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya miƙa gini tare da bayaninsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu gane, amin.