RA'AYINMU: DALMA DA KUNNEN YARA

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Waɗanda suka mutu an ƙidaya su. Waɗanda suka tsira fa? Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa dalma takan taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta kuma rage masa ji, har a riƙa dukansa wai kunnen ƙashi gare shi, alhali kuwa kiran ne ba ya isa gare shi.

Lalle abin ya shafe mu nan kurmi. A 2025 an gwada jinin mutanen Ogijo ta Jihar Ogun, inda ake narka tsofaffin baturan mota, aka kuwa sami dalma. 'Yan'uwanmu masu jari bola da ke fasa batur su sani ƙurar tana bin riga har ɗaki.

Can gida ma sai an tashi tsaye. Ga Mubi, garin da ke da Jami'ar Jihar Adamawa. Muna kira ga malamanta su auna ruwan Kogin Yedzaram da kwallin da ake sayarwa a kasuwa, tun da yake wani kwallin dutsen dalma ne. Gwamnatin Jiha kuma ta tabbatar ana gwada jin yara a Babban Asibitin Mubi, a sama wa wanda aka tarar da raunin ji na'urar kunne tun bai shiga makaranta ba.