SHARHI: An yafe kuɗin tiyatar haihuwa, saura mai sa barci: Darasi daga Potiskum

A watan Nuwamban 2024, Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana a Abuja cewa Gwamnatin Tarayya za ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa ga mata marasa galihu da ke buƙatarta. Shirin ya fi mayar da hankali ne a kan ƙananan hukumomi 172, waɗanda aka ce daga cikinsu ne fiye da rabin mace-macen mata wajen haihuwa ke fitowa. Dalilin a fili yake: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan rashi a duniya.

Yafe kuɗi ya kawar da babban shinge. Sai dai likitan tiyata ba ya ɗora wuƙa sai wani ya tsaya ta wajen kan mai naƙuda, ya kashe mata zafi, ya riƙa lura da numfashinta da bugun zuciyarta har a kammala ɗinki. Wannan shi ne likitan sa barci. Kuɗin aiki ana iya sakinsa cikin mako guda idan takarda ta samu sa hannu, amma shi ba a samunsa sai an yi renon shekara 12 aƙalla. Idan ba a shigar da shi cikin lissafi ba, an yi tuya ke nan an manta da albasa.

Aikin da mara lafiya ba ya gani

Sunan da aka saba kiransa da shi ya rage masa daraja, domin sa barci ƙaramin ɓangare ne na aikinsa. Shi ke duba mara lafiya kafin a shiga ɗakin tiyata, ya tantance ko zuciya da huhu za su jure. Shi ke zaɓar ko allurar baya za a yi, wadda ke kashe rabin jiki na ƙasa, ko kuwa cikakken barci, inda za a zura bututu a maƙogwaro na'ura ta karɓi numfashi. Idan jini ya ɓalle ko hawan jini ya rikiɗe ya zama jijjiga, shi ke riƙe rai a daidai lokacin da likitan tiyata ke neman inda ɓarnar take. A yawancin asibitocin koyarwa na ƙasar nan, sashen kulawa ta musamman ma a hannunsa yake.

Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2016 ya gano cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan ɗaya cikin bakwai na matan da ke rasuwa a tiyatar haihuwa ko bayanta, daga wajen sa barci matsalar ke tasowa. Wani binciken na 2019, wanda ya tattara bayanai daga asibitocin Afirka, ya nuna haɗarin mutuwa bayan wannan tiyata ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 50.

Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya, WFSA, ta ce mafi ƙarancin abin da ya kamata a samu shi ne likita 5 ga kowane mutum 100,000. Ƙidayar da ta wallafa a 2017 ta samu Najeriya ba ta kai ko ɗaya ba, alhali an haɗa har da waɗanda ba su kammala samun ƙwarewa ba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 na buƙatar fiye da 10,000, ƙidayar kuwa kimanin dubu ɗaya ta samu, kuma akasarinsu suna manyan birane ne.

Me ya sa Potiskum

Potiskum ita ce cibiyar kasuwancin Jihar Yobe. A nan hanyar Kano zuwa Maiduguri ke haɗuwa da wadda ta fito daga Bauchi, kasuwar dabbobinta na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma garin ya yi suna wajen manyan motocin dakon kaya. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 200,000. Ko da a tsaya a kan wannan tsohon adadi, ma'aunin WFSA na nufin likitocin sa barci 10 ne rabonta, ba a ma lissafa mutanen Fika da Nangere da Fune da ke neman magani a garin ba.

Garin ya ga ranar da irin wannan buƙata ke zuwa gaba ɗaya. A ranar 10 ga Nuwamban 2014, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, ɗalibai sama da 40 suka rasu, gommai suka jikkata, mako guda kacal bayan harin da aka kai wa masu muzaharar Ashura. Haɗurran babbar hanya da naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa kuwa ba su da rana.

Gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗaga darajar Babban Asibitin Potiskum zuwa asibitin ƙwararru, tare da na Gashuwa da Geidam da Buni Yadi. Mataki ne mai kyau, amma ga mace mai naƙuda a Yerimaram, abin da zai tabbatar da sabon sunan shi ne ko akwai mai sa barci a bakin aiki da ƙarfe biyun dare. Duk daren da babu shi, abin da ya rage shi ne hanya: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu yana da nisan kimanin kilomita 100, na Jami'ar Maiduguri sama da 200, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta jihar kuma tana can Nguru. Kwamitin Lancet kan tiyata ya shata a 2015 cewa ya kamata kowa ya iya isa wurin da za a yi masa tiyatar gaggawa cikin awa biyu, kuma jinin da ya ɓalle bayan haihuwa yana iya kashewa cikin wannan wa'adi.

Tsawon hanyar

Mai son zama ƙwararre a wannan fanni zai fara da shekara 6 a makarantar koyon likita. Daga nan sai shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin kulawar Majalisar Likitoci ta Najeriya, MDCN, sai wata shekarar ta yi wa ƙasa hidima. Bayan haka zai zauna jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu: Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa, NPMCN, wadda aka kafa a 1979 kuma take Ijanikin a Legas, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, WACS.

Cin wannan jarrabawa izinin neman gurbi kawai yake bayarwa. Dole ya samu asibitin da kwalejin ta tantance ya ɗauke shi, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jos, ko na Maiduguri. Zai yi shekara biyu zuwa uku yana ƙaramin mai neman ƙwarewa, ya ci jarrabawar kashi na ɗaya, ya ƙara wasu biyu zuwa uku tare da rubuta kundin bincike, sannan ya fuskanci ta ƙarshe. Jimilla shekara 12 zuwa 14 ke nan, idan babu yajin aiki, babu faɗuwa, babu zaman jiran gurbi. Wa'adin gwamna uku ke nan a jere, abin da ya sa ɗan siyasa ya fi sha'awar ginin da zai buɗe da hannunsa.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko tana wajen tantancewa. Kwalejojin na duba yawan manyan likitocin da asibiti yake da su, da yawan ayyukan da ake yi, da kayan aiki, kafin su ba shi izinin horarwa, su kuma ƙayyade adadin waɗanda zai ɗauka. Asibitin da ba shi da ƙwararru ba zai horar ba, wanda bai horar ba kuma da wuya ya samu ƙwararru. Jihohin da suka fi buƙata su ne wannan sharaɗi ya fi ɗaurewa.

Ta biyu tana kan tebura a Abuja. Mai neman ƙwarewa ma'aikaci ne mai albashi, don haka gurbinsa ɗaukar aiki ne. A 2023, shugaban asibitin tarayya sai ya nemi izini na musamman daga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, ya bi ta Hukumar Raba Daidai da Ofishin Kasafi, kafin sunan sabon likita ya shiga tsarin biyan albashi. Wannan ne ya sa Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa, NARD, ta sanya batun maye gurbin duk likitan da ya tafi da wani nan take cikin buƙatunta a yajin aikin 2023.

Ta uku kuɗin horarwa ne. Dokar Horar da Likitoci Masu Neman Ƙwarewa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018, ita ce tushen asusun da ake biyan kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasan bita da bincike daga cikinsa. Jinkirin biyansa na cikin abubuwan da suka haddasa yajin aikin 2021, wanda ya shafe sama da wata biyu. Likitocin jihohi kuwa sai jihohinsu sun rungumi dokar, abin da NARD ta daɗe tana kira a kai.

Ta huɗu fannin ne kansa. Ɗalibin likita 'yan makonni kawai yake yi a sashen sa barci. Mara lafiya na tuna wanda ya yi masa aiki, ba ya tuna wanda ya tashe shi, kuma babu marasa lafiyar da za su bi likitan sa barci asibitinsa na kuɗi. Ga shi kuma ƙasashen waje na rububinsa. A watan Agustan 2021, ana tsaka da yajin aiki, likitoci suka cika wani otal a Abuja domin ganawa da masu ɗaukar ma'aikata zuwa Saudiyya, kuma sa barci na cikin fannonin da aka nema. Minista Pate da kansa ya ce likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara biyar zuwa bakwai.

Gajerun hanyoyi da iyakarsu

Akwai difloma a fannin sa barci, wadda likita ke iya samu cikin kimanin shekara guda, ya riƙe tiyatar haihuwa da sauran ayyukan yau da kullum. Akwai kuma ma'aikatan jinya masu ƙarin horo na kimanin wata 18, waɗanda a gaskiya su ne ke riƙe da ɗakunan tiyata na galibin manyan asibitocin jihohin Arewa. Wasu ƙwararru na tsoron kada faɗaɗa waɗannan hanyoyi ya zama hujjar daina horar da manyan likitoci, kuma tsoron yana da tushe, domin jariri sabon haihuwa ko mai ciwon zuciya ba aikin kowa ba ne. To amma Potiskum ba za ta rufe ɗakin tiyata ta jira shekara 12 ba. Abin da ya fi dacewa shi ne tsani: nas a ƙasa, mai difloma a tsakiya, ƙwararre a sama yana kula da su, tare da buɗe wa mai difloma hanyar ci gaba ba tare da ya koma farko ba.

Ruwanda ta nuna abu ne mai yiwuwa. Bayan kisan ƙare dangi na 1994, likitan sa barci ɗaya ya rage mata. A 2006 ta buɗe shirin horarwa na cikin gida, malamai daga Kanada da Amurka suna zuwa bi da bi, har waɗanda aka yaye suka zama malaman na baya.

Abin da ke hannun Abuja

Najeriya ta taɓa rubuta Tsarin Ƙasa na Tiyata da Haihuwa da Sa Barci da Jinya na 2019 zuwa 2023, ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2024, ta kuma ƙara guraben ɗaliban fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Ƙarin ɗalibai ba tare da ƙarin guraben ƙwarewa ba zai ƙara tsawon layin masu jira ne, kuma daga wannan layi ake cika fom ɗin fita waje.

Ya kamata izinin ɗaukar ma'aikata ya riƙa fita da kaso na musamman ga sa barci, musamman a asibitocin tarayya na Arewa maso Gabas, a kuma saki kuɗin asusun horarwa kafin lokacin jarrabawa. Jihohi irin su Yobe na iya tura likitocinsu asibitocin koyarwa na tarayya suna biyansu albashi, Hukumar Raya Yankin Arewa maso Gabas ta ɗauki kuɗin horon, bisa yarjejeniyar dawowa gida. Yarjejeniya ita kaɗai ba ta riƙe likita, kamar yadda ƙudurin Ganiyu Johnson na 2023, mai neman tilasta wa likitoci aikin shekara biyar kafin cikakken lasisi, ya sha suka a kai. Abin da ke riƙe shi shi ne gida da tsaro da alawus, da iskar oksijin da ba ta yankewa, da na'urorin auna numfashi masu aiki. Idan aka samar da su, kwalejojin na iya duba yiwuwar tura manyan masu neman ƙwarewa Potiskum na 'yan watanni a ƙarƙashin kulawa.

Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ke biyan asibitoci kuɗin tiyatar haihuwa kyauta, ita ma tana da abin yi: duk asibitin da ke cikin shirin ya bayyana masu sa barci nawa gare shi da matakin horonsu, a wallafa adadin jiha-jiha. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙwararren da za a nema a Potiskum nan da shekara biyar yana aikin sanin makamar aiki ne a yau, ko yana hidimar ƙasa, kuma takardar da za ta ba shi gurbi tana jiran sa hannu a wani ofishi a Abuja.