Inshorar mota: Ana neman ta a shingen hanya, ba a ganin ta a gadon asibiti

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sandan Najeriya ta fara tilasta wa masu ababen hawa yankar inshorar da ke biyan wanda suka yi wa ɓarna. Direbobin da ke jigila tsakanin Kano da Rano da Kibiya sun shaida haka, domin takardar ta shiga jerin abubuwan da ake tambaya a shinge. Abin da ba a saba ji ba shi ne a ce mota ta karya wa manomi ƙafa a Durba, kuma kamfanin inshora ya biya kuɗin maganinsa.

Dokar ta samo asali tun 1945. A Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ƙara diyyar ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai. Ba a yanka wa rauni ko asarar rai irinta ba. Ke nan domin wanda aka buge aka kafa tsarin.

Sai dai haƙƙin nasa yakan salwanta tun a ranar farko. Kamfani ba ya biya sai ya ga rahoton 'yan sanda mai ɗauke da lambar motar, da rahoton likita, da rasidan magani. A karkara kuwa, da zarar an ga karaya sai a nufi gidan mai ɗori, wanda ba ya rubuta komai. Daga nan a zauna gaban dagaci, direba ya ba da abin da ya sawwaƙa, iyalan su ce ƙaddara ce, sun yafe. Yafiya halin kirki ce, amma a nan ba direban ne kaɗai ya ci moriyarta ba: kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗin shekara shi ma ya tsira, alhali ba wanda ya yi niyyar yafe masa. In ɗorin ya lalace, bayan watanni a kai majinyacin Asibitin Ƙashi na Dala, a sayar da hatsi ko ɗan filin gado, kuma babu wata takarda da ta haɗa ciwon da motar da ta jawo shi.

Akwai kuma ruɗani a kan rahoton kansa. Mutane da dama na zaton asibiti ba zai taɓa wanda ya yi haɗari ba sai da takardar 'yan sanda. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hana kowa kulawar gaggawa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ma ta tanadi tarar naira 50,000 ga asibitin da ya ƙi karɓar irin wannan majinyaci. Rahoto sharaɗin neman diyya ne, ba sharaɗin magani ba.

Zuwa karɓo shi kuwa yana bukatar yarda, abin da ya yi rauni a yankin. A Mayun 2025 aka kai wa ofishin 'yan sanda na Rano farmaki bayan rasuwar wani matashi da aka tsare, har baturen 'yan sandan ya rasa ransa. Inda dangantaka ta kai haka, da wuya talaka ya kai kansa caji ofis don neman takarda.

Wata matsalar ita ce takardun bogi. Ana iya tantance ta gaskiya ta waya da lambar *565*11#, masu ƙyamar inshora saboda addini kuma suna da kamfanonin takaful irin su Jaiz da Noor.

Haɗarin gadar Dakatsalle na 31 ga Mayun 2025, inda mutum 22 daga tawagar wasanni ta Kano suka rasu, ya nuna inda hankali ke karkata: ga tallafin da gwamnati za ta ba iyalai. Tallafi kyauta ce, kuma ba ya isa ga wanda babur ya kaɗe a hanyar kasuwa. Shi dai abin da doka ta ba shi takardar direba ce.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar doka. Ɗan sandan da ya je wurin haɗari zai iya rubuta sunan kamfanin inshorar motar ya miƙa wa iyalan majinyaci, asibitocin Rano da Kibiya su riƙa ba da rahoton likita tare da takardar sallama, dagatai kuma su tambayi takardar inshora kafin su rufe zaman sulhu.