Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Kasuwar Kete Krachi

Iyayena Alhazai da Hajiyoyi,

Kukana shi ne yadda kuke rufe wa nakasassu ƙofar aiki. Ƙidayar Ghana ta 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na masu shekara biyar zuwa sama suna da wata nakasa. A cikinsu akwai 'ya'yan zangonmu. Sadaka muke miƙa musu ranar Juma'a, amma aiki mun hana su.

Ku duba ribarku ma. Wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa zai zauna a kanti tun safe yana riƙe lissafin kifi da doya, ko ya kula da Mobile Money, aikin da ke buƙatar ƙwaƙwalwa da amana. Kurma kuwa zai iya ɗinki da gyaran waya. Wanda ya daɗe yana neman aiki ba ya wasa da shi idan ya samu, kuma danginsa da abokansa wurinku za su riƙa ciniki. Ga shi Dokar Nakasassu ta 2006, mai lamba 715, ta yi tanadin rangwamen haraji ga wanda ya ɗauke su aiki.

Kete Krachi, garin Alhaji Umaru, malamin da ya rasu a 1934, bai dace da wannan sakaci ba. Ina roƙon kowane mai babban kanti ya ɗauki mutum ɗaya, da cikakken albashi, ya kuma gyara matakalar ƙofarsa don keken guragu ya shiga. Shugabannin kasuwa kuma su je Majalisar Krachi ta Yamma su nemi bayanin yadda ake samun rangwamen.

Wassalam,
Ɗanku daga zangon Kete Krachi