Zare a kan zare: kafin ki kwashi kuɗi ki tafi sayen ulu

1/ Masu koyon saƙar kwarashi, ku matso kusa. Ra'ayina ne, mai musu ya yi: abin da ke kashe wa yawancin sababbin shiga gwiwa ba wuyar saƙar ba ce, sayayyar ce. Kuɗi ya ƙare a shago tun hannu bai faɗa ba. Zan riƙa cewa "ki" don mata sun fi yawa a harkar, amma maza masu saƙa a ɓoye, da ku nake.

2/ Ki buɗe TikTok ko Pinterest, ga wata ta jera zare launi-launi har rufin ɗaki. Sai ki ji kamar in ba ki tara haka ba, ba ki ma fara ba. Wasunsu fa kamfanoni ke aiko musu kyauta su tallata. Ke kuma kuɗin da kika tara na adashe za ki zuba.

3/ Kuma ki duba inda suke. Ingila, Kanada, Koriya. Rigar sanyi, bargo, mayafin wuya, su suke saƙawa don suna buƙata. Mu sanyinmu daga Disamba zuwa Fabrairu ne, shi ke nan. A watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato yana haura 40. Wa zai sa wannan rigar da kika yi sati shida a kanta?

4/ Nan ne nake so mu tsaya. Abin da muke kira ulu a kasuwanninmu, akasarinsa ba gashin tunkiya ba ne. Akirilik ne, daga sinadaran man fetur ake yin sa, ɗan'uwan roba ne. Ba ya shan gumi. Ki saƙa wa jariri riga da shi a bazara, ki ga yadda ƙurajen zafi za su feso masa, a ce wai mayu ne.

5/ In kina shakka, ga gwaji. Ki yanko ɗan guntu ki kusanta shi da ashana, a tsakar gida don Allah, ba a kan katifa ba. Akirilik narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Ulun gaske kuwa ƙauri yake, kamar ana babbakar kan rago ranar Babbar Sallah.

6/ Ban ce akirilik ba shi da amfani ba. Yana da araha, yana jure wanki, launinsa ba ya saurin koɗewa. Don koyo, da hula da safar yara na hunturu, ya isa har ya yi yawa. Amma kar ki saƙa abin sauke tukunya da shi, kar kuma dutsen guga mai zafi ya taɓa shi. Narkewa zai yi.

7/ Kayan sawa na zafi, auduga. Sai dai ta fi tsada, ta fi nauyi, kuma ba ta miƙewa, don haka tana gajiyar da yatsun mai koyo. Shi kuma wanda 'yan onlayin ke kira milk cotton, sau da yawa gauraye yake da akirilik. Ki karanta takardar jikinsa, kar suna ya ruɗe ki.

8/ Abin takaici, ƙasar da ake noman auduga a Funtuwa da Gusau, amma zaren auduga mai kyau na kwarashi sai an shigo da shi. Masaƙun Kaduna da Kano akasari sun rufe tuntuni. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023 kuwa, duk abin da ya ƙetaro ruwa sai addu'a. Wannan zancen wata rana ne.

9/ Takardar nan da ake yagewa a yar, ita ce komai. Tana faɗin nauyi, tsawo a mita, da girman kwarashin da ya dace. Ƙulli biyu na iya zama giram 50 kowanne, amma siririn ya ninka mai kaurin tsawo. Akwai kuma lambar rini. Ja da ja ba ɗaya ba ne in ba tare aka rina su ba, sai kin haɗa su a jikin aiki za ki ga layi ya fito ɓaro-ɓaro. Ki lissafa abin da aikin zai ci, ki saya lokaci guda, ki ƙara ƙulli ɗaya.

10/ A kasuwa, ki roƙi mai shago ki fito da zaren bakin ƙofa ki gani a hasken rana, ki goga a wuyanki ki ji ko yana ƙaiƙayi. A onlayin, ki ce a turo bidiyo ba hoto ba, a faɗa miki giram nawa ne. Ƙullin da ya cika waya yakan iso kamar ƙwan kaza, ga kuɗin aike.

11/ Kwarashi ɗaya mai milimita 4, almakashi, allura mai babban ido, zare biyu masu haske. Baƙi yana ɓoye idon saƙa, mai koyo ba za ta ga inda za ta soka ba. Saitin nan mai guda goma sha biyu ya jira tukuna.

12/ Na san za a ce, "Kaya kullum tashi suke, gara in tara." Da gaskiyarku, in har kin riga kin san zaren da hannunki ya saba da shi kuma kina cinye shi. Amma wadda ba ta gama ko jaka ɗaya ba, me take tarawa? Ƙurar hunturu ta shiga, ɓera ya yi sheƙa, launin ya daina yayi. In ma an tara, a sa a bokiti mai murfi.

13/ Masu ragowar ƙulli a ƙarƙashin gado, na san kuna nan kuna karantawa shiru. Ku ɗauko hoto ku ajiye a ƙasa da sunan garinku, a yi musaya. Ni auduga ruwan toka nake nema, ko rabin ƙulli ne.