Karatun ɗaukar hoton asibiti: a gaya wa ɗalibi abin da zai kashe tun kafin ya cike fom

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta fara sayar da fom, cibiyoyin rajista kan cika da ɗalibai da iyayensu ana ta shawarar kwas ɗin da za a zaɓa. A 'yan shekarun nan akwai kwas guda da ya fara shiga bakin jama'a a Arewa, wato rediyogirafi, karatun masu ɗaukar hoto a asibiti, waɗanda ke sarrafa na'urar eksire da ta CT da ta MRI da kuma na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita. Wasu da kansu suka zaɓe shi, wasu kuma makinsu ne bai kai na likitanci ba aka ba su shawarar su canja. Ko ta wace ƙofa suka shigo, muna maraba da su, domin asibitocinmu na matuƙar buƙatarsu. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake karɓar waɗannan yara ba tare da an gaya musu gaskiyar kuɗin da karatun zai ci ba, sai sun yi nisa sannan su gane cewa kuɗin rajistar da suka gani a takarda shi ne mafi sauƙi a cikin abin da ke jiransu.

Sharuɗɗan shiga a bayyane suke. Ana son kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fizis da Kimistiri da Bayoloji, a jarrabawar JAMB kuma a zauna wa Turanci da Fizis da Kimistiri da Bayoloji. Karatun shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB. A Arewa ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a Kudu kuma akwai tsofaffin sassa irin na Jami'ar Najeriya a reshenta na Inugu da na Jami'ar Kalaba. Hukumar rajistar masu wannan sana'a, RRBN, wadda aka kafa da doka mai lamba 42 ta 1987, ita ke tantance makarantu, ita kuma ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka. Shawararmu ga kowane uba ita ce kada ya biya ko kwabo sai ya tabbatar wannan hukuma da hukumar jami'o'i ta NUC sun amince da kwas ɗin a makarantar da ɗansa ya zaɓa. Digirin da hukumar ba ta amince da shi ba ba zai kai mai shi ga lasisin aiki ba.

Wannan duk ana iya samunsa a rubuce. Abin da ba a rubutawa shi ne yadda karatun ke canja kama daga shekara zuwa shekara. A shekarar farko ɗalibin rediyogirafi bai bambanta da sauran ɗaliban kimiyya ba, aji da ɗakin gwaji ne kawai. A ta biyu ya shiga karatun sassan jiki da yadda suke aiki. Daga nan kuma asibiti ya zama rabin makarantarsa, domin babu wanda ke koyon yadda ake kwantar da mai karayar ƙugu a kan teburin hoto ta hanyar karanta littafi. Dole ya tsaya a bayan ƙwararre, ya ga yadda ake saita na'ura, yadda ake lallaɓa yaron da ya firgita, yadda ake tambayar mace ko tana da ciki kafin a haska ta, yadda ake rage yawan radiyeshan ba tare da hoton ya lalace ba. Wannan shi ne abin da ɗalibai ke kira fostin, kuma a nan ne aljihu ke fara kuka.

Dalili na farko shi ne nisa. A Kano, sabon mazaunin jami'a na kan titin Gwarzo, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma na kan titin Zariya, gari guda a tsakani. A Sakkwato, mazaunin dindindin na jami'a na wajen gari ta Dundaye, asibitin koyarwa na cikin gari. A Zariya ma tsakanin Samaru da Shika sai an hau mota. Ɗalibin da bai sami gado kusa da asibiti ba, kullum sai ya biya kuɗin zuwa da dawowa, kuma ana son ya iso kafin a fara kiran marasa lafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin Adaidaita Sahu da na bas sun bi sahu. Wanda ya yi lissafin karatun ɗansa da farashin shekarar 2022 ya san yadda lissafin ya rushe.

Dalili na biyu ya fi ciwo, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa. Ba kowane asibitin koyarwa ne ke da dukkan na'urorin da ɗalibi ke buƙatar gani suna aiki ba. Na'urar MRI kan lalace ta yi watanni ana jiran kayan gyara daga waje. Na'urorin gashin cutar daji a faɗin ƙasar nan ba su da yawa, waɗanda ba su lalace ba daga cikinsu a kowane lokaci sun fi haka ƙaranci. Saboda haka akan tura ɗalibi wani asibiti, wani lokacin a wani gari ko wata jiha, na tsawon makonni. Ɗakin da ya kama a garin makaranta yana nan, ya riga ya biya hayar shekara, don mai gida ba ya karɓar ta wata. A garin da aka tura shi kuma sai ya nemi wani wurin kwana. Haya biyu ke nan a lokaci guda, ga abinci, ga mota, ga farar riga da takalmi, ga kuɗin littafin da ake sa hannu a kan kowane aikin da ya gani. Mai dangi a garin ya raɓa, ya kwana a zaure ko a ɗakin samari. Wanda ba shi da kowa sai ya haɗa kuɗi da abokai huɗu ko biyar su cunkusu a ɗaki guda, ko kuma ya riƙa tsallake ranaku yana roƙon a sa masa hannu. Wannan na ƙarshe ya kamata ya tayar wa kowa hankali, domin ranar da ɗalibi ya tsallake saboda ba shi da kuɗin mota, gobe majiyyaci ne zai biya ta da hoton da sai an maimaita, kuma kowace maimaitawa ƙarin radiyeshan ce a jikinsa.

Idan ɗalibar mace ce, al'amarin ya ninka. Uba da yawa zai yarda 'yarsa ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai na cikin makaranta, amma ba zai yarda ta kama haya ita kaɗai a unguwar da bai sani ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Sakamakon shi ne yarinya mai ƙoƙari ta bar kwas ɗin tun kafin ta fara, ko ta koma wani da ba ya buƙatar yawo. Alhali kuwa babu inda ake buƙatar mata masu wannan sana'a kamar Arewa. Hoton mama na gano cutar daji da sikanin mahaifa ayyuka ne da mata da yawa ke ƙin zuwa idan sun san namiji za su tarar, sai ciwo ya ci jiki sannan a kawo su. Duk gwamnan da ke maganar rage mutuwar mata wajen haihuwa ya kamata ya san cewa gadon kwana guda da aka keɓe wa ɗaliba kusa da asibitin koyarwa yana cikin maganin.

Za a ce ai ga bashin karatu na NELFUND. Mun yaba da shi. An sake sa hannu a kan dokarsa a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu, kuma ya ɗauke wa dubban iyalai nauyin kuɗin makaranta, wanda ake biya kai tsaye ga jami'a, babu ruwa, ba a kuma fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma kuɗin kashewar da yake bayarwa Naira 20,000 ne a wata, wato bai kai Naira 700 a rana ba. Kuma adadi guda ne ga kowa, da mai karatun da bai wuce aji da laburare ba da wanda sai ya ratsa gari sau biyu kullum ya kuma kama haya a wata jiha. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, yaron da ya yi tafiyar ƙafa zuwa asibiti da yunwa ba zai tsaya awa shida a ɗakin hoto hankalinsa na kan aiki ba.

Ƙasar da ta fi kwashe mana ma'aikatan nan ta daɗe da gane wannan. A Ingila, tun daga watan Satumban 2020, ɗalibin rediyogirafi na samun kyautar fam 5,000 a shekara wadda ba a mayarwa, da ƙarin fam 1,000 saboda an sa kwas ɗin cikin waɗanda ake ƙarancin masu yinsu. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne suna mayar wa ɗalibi kuɗin motar da ya ƙaru a kansa saboda zuwa asibiti, da kuɗin masauki na biyu idan an tura shi nesa. Ba muna cewa baitulmalinmu zai iya irin waɗannan kuɗaɗe ba. Muna nuna cewa sun ɗauki zuwa asibiti a matsayin ɓangaren karatu da ke da farashi, suka rubuta farashin, suka ce ga wanda zai biya. Mu kuwa mun bar shi a duhu, ya faɗa kan wanda ya fi kowa rauni. Daga baya kuma idan yaron ya gama da guminsa da bashin danginsa ya tafi Ingila ko Saudiyya, sai mu ce ba shi da kishin ƙasa.

Kammala digiri ma ba shi ne ƙarshe ba. Kafin a ba mutum cikakken lasisi sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin da hukuma ta amince da shi, sannan ya tafi hidimar ƙasa. Guraben ba su kai yawan masu nema ba, kuma kowa ya san yadda ake yawo da takardu daga wannan asibiti zuwa wancan, wani ya shekara yana jira, wani ya samu cikin mako guda saboda yana da wanda ya tsaya masa. Sababbin likitoci an sama musu tsari na bai ɗaya ta hannun hukumarsu ta MDCN, inda suke neman gurbi a shafin intanet guda. Ba mu ga dalilin da zai hana a yi wa masu ɗaukar hoto da sauran ma'aikatan lafiya irin wannan ba. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Mataki ne mai kyau, amma idan aka ninka ɗalibai ba a ƙara gadaje da na'urori da guraben sanin makamar aiki ba, cunkoso kawai aka ƙara a ƙofar ɗakin hoto.

Abu mafi sauƙi, wanda ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko zaman majalisa, yana hannun jami'o'i. Kowane sashen rediyogirafi ya wallafa takarda guda kafin a rufe fom, ya faɗi a wace shekara ake fara zuwa asibiti, makonni nawa ne, waɗanne garuruwa ake turawa, ko akwai gado a kusa, nawa ne haya a unguwannin da ke kewaye, da abin da ɗalibi zai saya da kuɗinsa. Malaman sashen sun san amsar duk waɗannan tambayoyi, ɗaliban aji huɗu da biyar ma sun san su. Manomin da zai sayar da buhunan masara don ɗansa ya yi karatu yana da haƙƙin ya san lissafin shekara biyar tun ranar farko. Hukumar RRBN kuma, idan ta zo tantancewa, kada ta tsaya a ƙirga malamai da na'urori. Ta tambayi inda ɗalibai ke kwana, ta kuma tabbatar makaranta ce ke ba kowannensu bajen auna radiyeshan da rigar dalma, domin kariyar lafiyar ɗalibi ba abin da za a bar wa ƙarfin aljihun ubansa ba ce.

Asusun TETFund, wanda ke gina azuzuwa da ɗakunan karatu a manyan makarantu, ya sa ɗakunan kwana a harabar asibitocin koyarwa cikin abubuwan da zai fara yi, a kuma fara da na mata. NELFUND ta ware ƙarin kuɗi na musamman ga ɗaliban lafiya a watannin da suke asibiti, bisa jerin sunayen da jami'a za ta aika. Gwamnatocin jihohinmu kuwa su ne suka fi kowa riba a wannan harka, don manyan asibitocinsu na ƙananan hukumomi ne ke da na'urar eksire a kulle ko a hannun wanda bai karanci aikin ba, yayin da tarin fuka da haɗurran mota ke ƙara yawan masu buƙatar hoto. Kowace jiha ta ɗauki nauyin haya da fostin na 'ya'yanta da ke wannan karatu tun daga aji uku, da yarjejeniyar za su dawo su yi mata aiki na wasu shekaru, ta kuma biya kuɗin a farkon zango, kafin mai gida ya zo karɓar haya.